Ƙaho Sau Ɗaya a Wata Biyu

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Auta da maigidanta da yaransu. Yaya ƙarfin jiki, yaya gwiwar? Mu nan lafiya lau. Surukarka da jikokinka biyu suna gaishe ka, ko da yake ƙaramar ba ta san ka ba sai a hoto.

Na san za ka juya ambulan ɗin nan kana tambayar wane ne. Ni ne Ƙadangarenka, ɗan marigayiya 'yar wan mahaifinka, wanda ka riƙe shekara uku a gidanka yana makarantar koyon sana'a. Shekara bakwai ke nan ban rubuto maka ba. Rasuwar matarka Inna ma a bakin wani na ji. Na ce zan zo, aiki ya riƙe ni, da aka kwana biyu kuma kunya ta hana ni. Ba ni da wata hujja. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri, ni kuma ka yafe mini. An ce kunnenka ya yi nauyi, ba ka ɗaukar waya, shi ya sa na koma ga biro da takarda.

Har yanzu ina tuƙa injin ɗaga kaya a wurin gine-gine, dogon nan da muke kira ƙugiya. Ɗakin da nake zama a can ƙololuwa bai fi faɗin katifa ɗaya ba. Gilashi ne gaba da ƙasa, sai kujera da sanduna biyu da oba-oba ta magana da mutanen ƙasa. Minti ashirin nake yi a kan tsani kafin in kai. Kai ka sa mini suna saboda hawan katanga, to ga shi abincina ya zama a sama.

Kawu, cikina ne ya sa ni gaba. Shekara biyu ke nan. Wata rana ya kumbura har bel ya ƙi ɗauruwa, wata rana ya yi ta murɗa yana ƙugi. Sai in yi kwana uku bayan gida ya ƙi fita, sannan in yi kwana biyu ina zarya banɗaki. Da mai aikin ofis ne ni da sauƙi, banɗaki yana ƙarshen baranda. Nawa yana ƙasa, tsakanina da shi minti ashirin.

Ranar Talatar da ta wuce ana zuba kankare a hawa na goma sha huɗu, bokiti cike yana rataye a ƙugiyata, cikin ya murɗa. Gumi ya wanke ni. Na lallaɓa na dire bokitin, na ce wa foman birki yana wata ƙara da ban yarda da ita ba, na sauko. Ƙarya na yi masa. Motocin kankare uku suka tsaya jira, makanike ya duba birki bai ga komai ba. Foman bai yi mini faɗa ba. Ya dai dube ni ya ce, “Wannan shi ne na uku a watan nan.” Tun ranar nake hawa da ciki ba komai, ko shayi ba na sha sai na sauko da yamma.

Na je asibiti. An gwada jini da bayan gida, an ɗauki hoton ciki, har kyamara aka zura mini. Likitar, mace ce mai haƙuri, ta ce ba ƙari ba gyambo, hanjina ne mai saurin harzuƙa. Abinci kaɗan ko damuwa kaɗan sai ya birkice. Ta ce ba ya kisa, amma ba ya tafiya gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi. Ta ba ni ƙwayar murɗa da wani gari da nake damawa a ruwa. Na ɗan ji dama, sai dai ba irin wadda za ta riƙe ni awa tara a sama ba.

Na tuna ranakun Asabar da kake dawowa daga asibiti, ka cire farar rigarka ta jinya, ka yi wa mutane ƙaho a ɗakin baya, ni ina wanke kofuna a ruwan zafi. Wani abokin aikina ya ce ƙaho ya taimaki ɗan'uwansa a kan irin wannan ciwo. Ban yarda in miƙa bayana ga kowa ba sai na ji ta bakinka. Ka aiko da amsa ta akwatin gidan waya na wurin aikinmu, yana bayan ambulan.

Ɗanka,
Ƙadangare

Laraba, 21 ga Fabrairu

Ɗana Ƙadangare,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka ranar Juma'a, Auta ce ta biyo ta gidan waya ta kawo mini. Lafiyata ƙalau, sai gwiwar da ta ƙi jin magana da hannu da ya fara rawa, za ka gani a rubutun. Ka gaishe mini da 'yata matarka da jikokina, ka ce wa ƙaramar wanda ke cikin hoton yanzu ba shi da baƙin gashi ko ɗaya.

Ban juya ambulan ba. Tun daga yadda kake karkata harafin K na gane ka. Na yi fushi da kai lokacin rasuwar Innarka, ba zan ɓoye ba, domin har kwana uku kafin ta cika tana tambaya ko Ƙadangare ya yi ƙiba. Amma fushin ya tsufa ya mutu tun kafin takardarka ta iso. Na yafe. An rufe wannan.

Yanzu cikin. Likitarka ta san aikinta, abin da ta gaya maka shi ne. Na yi shekara talatin da huɗu ina aikin jinya, ƙaho kuma a hannun mahaifina na koya, saboda haka zan gaya maka iyakar abin da na gani da idona. Ƙaho ba zai cire ciwon nan ba. Duk wanda ya ce maka zai tsotse shi ya zubar a kofi, ka sa takalminka ka fita. Abin da na gani shi ne, wasu masu irin cikinka idan an yi musu, bayansu yana saki, barcinsu ya gyaru, murɗar ta ragu na wani lokaci. Wasu kuma ba sa jin komai. Ban san a ina za ka faɗa ba, kuma ban san ko kofin ne ke aikin ko kwanciyar rabin awa da mutum ke yi ba tare da kowa ya kira shi ba. Ka ɗauke shi a matsayin ɗan rakiyar magani.

Ga sharuɗɗana. Ka fara gaya wa likitar, idan ta hana ka bari. Kada ka ajiye ƙwayarta. Ka nemi wanda zai ɓare sabuwar reza da sabbin kofuna a gaban idonka, ya sa safar hannu, ya goge fatar kafin da bayan. A baya za a yi, kofi huɗu ko biyar, tsaga marar zurfi. Ka yi sau ɗaya a wata biyu, kuma ranar da ba za ka hau injin ba.

Hawan da kake yi da yunwa ka daina shi. Ka ci abu marar nauyi da safe. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ci da abin da cikin ya yi, cikin wata ɗaya za ka kama masu laifin. Idan ka taɓa ganin jini a bayan gida, ja ko baƙi, ko ka ga kana ramewa, ko zazzaɓi, wannan ya fita daga maganarmu, asibiti kai tsaye.

Sai foman ɗinka. Ka ɗora wa birki laifi sau uku, birkin ma zai gaji. Ka gaya wa mutumin gaskiya.

Kawunka

Alhamis, 18 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin, so na yi in rubuto da labari a hannu. A kan murfin kwanon abincina nake rubutu, a nan sama, lokacin hutun rana, shi ya sa layukan suka karkace.

Da surukarka ta ga ina karanta takardarka ina share ido, ta ce wa ya rasu. Na ce ba kowa, yafe mini aka yi. Na gode, Kawu. Allah ya saka da alheri.

Na gaya wa likita. Ta ce ba ta da tabbacin zai yi wani abu, amma in dai da tsafta ne kuma ban bar maganinta ba, ba za ta hana ni ba. Na sami wani dattijo a saman wani kantin magani, ɗakinsa fes, gado ɗaya da labule fari da kwandon zuba rezar da aka yi amfani da ita. Ya ɓare komai a gabana kamar yadda ka ce. Da ya ja kofin farko da ɗan famfonsa na ji fatar ta tattaru, tsagar kuma ba ta fi cizon sauro ba. Ina kwance rub da ciki na ji kafaɗuna sun sauko daga inda suka maƙale, ban ma san a ɗage suke ba. Ranar na yi barcin da na manta irinsa.

Littafin ma ya yi aiki. Masu laifin su ne wake da madara da ɗanyar albasa, sai kuma fitowa a makare. Duk ranar da na fito a gurguje cikin sai ya rama. Surukarka ta ce an kama manyan abokaina uku a rana ɗaya. Yanzu da safe burodi nake ci da ƙwai da shayi ba madara.

Mako shida ke nan ban sauko a tsakiyar aiki ba. Kumburin ya ragu sosai, sau biyu kawai nake zagayawa a rana. Jiya ma da na je jini ya fita baƙi ƙirin, har da gudaji, amma mutumin ya ce ba komai, datti ne ke fita. Kwana biyun nan dai ina ɗan jin jiri idan na miƙe, ina ga gajiya ce.

Foman ban gaya masa ba tukuna. Tunda abin ya lafa, na ga ba sai na tona ba. Ga shi yana kira ta oba-oba, motar rodi ta iso. A gaida Auta.

Ɗanka,
Ƙadangare

Litinin, 29 ga Afrilu

Ɗana,

Salam. Ina lafiya. Ka ajiye duk abin da ke hannunka ka karanta wannan.

Ka rubuta cewa sau biyu kake zagayawa, kuma da ka je jini ya fita baƙi ƙirin har da gudaji, kana kuma jin jiri. Baƙin jini a bayan gida da jiri alama ce ta jini yana zuba a ciki. Wannan ba ciwon da muke magana a kansa ba ne. Na ga mutanen da suka shigo asibiti da ƙafarsu da wannan bayanin, suna dariya, kafin yamma muna neman jinin da za a ƙara musu.

Ko wane ne mutumin da ya ce maka datti ne ke fita, bai san abin da yake faɗa ba, kai kuma da ka saurare shi ka ba ni kunya. Na rubuta maka wannan ɓaro-ɓaro a takardata ta farko.

Yau ɗin nan ka je asibiti, ka nuna wa likitar wannan takarda. Kada ka hau tsani da jiri. Idan kana sama takardar ta same ka, ka ɗaura bel ɗin kariya, ka sauko a hankali, ka huta a kowane mataki. Ka dakatar da ƙaho. Ka aiko mini da lambar waya, Auta za ta yi magana da kai ta rubuta mini abin da ka ce. Sai yanzu na lura ba ni da lambarka, ban kuma san gidanka ba.

Kawunka

Lahadi, 2 ga Yuni

Ɗana Ƙadangare,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka, ta kuma same ka a tsaye. Ni ina nan, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Mako biyar ke nan. Auta ta gaji da zuwa gidan waya, har ma'aikacin wurin yana hango ta yake girgiza kai. Ta nemi lambar kamfaninku, wadda ta samu ba ta shiga. Ta tambayi dangin mahaifiyarka biyu, ɗaya ya ce ya ɗauka ka bar ƙasar, ɗaya ya ba ta lambar da wata mai sayar da kifi ta ɗauka.

Tunani biyu nake yi. Na farko ba zan rubuta shi ba. Na biyu shi ne ka ji haushin cewar da na yi ka ba ni kunya, ka koma shirunka na da. Idan wannan ne, na gode wa Allah, kuma na janye maganar. Tsoro ne ya rubuta ta. Tun kana ɗan shekara goma sha shida bakina yake gaba da ni a kanka, Innarka ce ke bin baya tana gyarawa, yanzu kuwa ba ta nan.

Ina kuma tuhumar kaina. Ni na buɗe maka ƙofar ƙahon nan daga nesa, ban ga idonka ba, ban taɓa cikinka ba. A asibiti ba zan taɓa yin haka ba.

Na gaya wa Auta idan ashirin ga wata ta yi ban ji daga gare ka ba, zan hau mota. Ta ce gwiwata ba za ta ɗauki tafiyar kwana biyu ba. Na ce gini mai hawa goma sha huɗu da ƙugiya a kansa ba zai yi wuyar gani ba, in na isa sai in yi ta ɗaga kai. Ko layi ɗaya ne ka rubuto. In ba za ka iya ba, 'yata ta rubuto.

Kawunka

Talata, 11 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina raye, ina tsaye, kada ka hau mota. Lambar wayata da ta surukarka da kwatancen gidanmu suna cikin wata takarda daban a ambulan ɗin nan. Ina fata abinci ya fara shiga. Surukarka ta ce in fara da ba ka haƙuri kafin komai, to ka yi haƙuri, Kawu.

Ban yi fushi ba. Takardunka ne ba su same ni ba. Mun gama wancan ginin a ƙarshen Afrilu, aka kwashe mu zuwa wani fili a ɗaya gefen gari. Wasiƙu suka yi ta taruwa a tsohon ofis. Sai ranar Alhamis da ta wuce direban kamfani ya kawo su a kwali, naka biyu suna ciki.

A gindin ƙugiya na karanta ta farko, hular kwano a kaina, ina shirin hawa. Kawu, na yi dariya har mai gadi ya leƙo. Jinin da na ce ya fita, a kofin ƙaho ya fita. Wurin mai ƙaho nake nufin na je. Na haɗa maganar da ta banɗaki a layi ɗaya saboda foman yana kirana. Bayan gidana lafiya lau yake. Da na karanta ta biyu kuma dariyar ta tsaya, na ga abin da rubutun gaggawa ya ja maka.

Na sa su a aljihu na ce da yamma zan ba ka amsa. Ranar ce hawana na farko a sabon wurin, domin mako biyar aka yi ana zuba gindin injin ana harhaɗa shi, duk a ƙasa nake. Jirin kuwa yana nan, har ya ƙaru, ina ta cewa rana ce. Na kama tsani. Da can ba na tsayawa sai na yi rabi. Amma layin nan naka, ka huta a kowane mataki, ya yi ta yi mini yawo a kai, sai na ce bari in yi wa tsoho biyayya sau ɗaya. A mataki na uku, ɗan dandamalin hutawa da ke tsakanin tsani da tsani, na tsaya na maƙala bel. Ina maƙalawa idona ya rufe. Ban san na zauna ba. Da na farfaɗo ina jingine da ƙarfe, ƙafata ɗaya tana lilo a waje, oba-oba tana ta kira. Da ban tsaya ba, a tsakiyar tsani abin zai same ni, hannu biyu kawai ke riƙe da ni.

Foman da kansa ya hau ya sauko da ni. A motarsa ya kai ni asibiti. Na miƙa wa likitar takardarka, ta karanta, ta ja fatar idona ta duba, ta aika a gwada jini. Da sakamakon ya fito ta ce jinina ya yi ƙasa sosai. An sake gwada bayan gida, ba jini a ciki.

Ta ce, “Sau nawa aka yi maka ƙahon nan?”

Na ƙirga na ce, “Tara.”

Ta ajiye biro. “Tara a wata uku? Wa ya ce ka yi haka?”

Na ce, “Kawuna, kuma ma'aikacin jinya ne. Ya ce sau biyu a wata ɗaya. Da na ji daɗinsa na ɗan ƙara.”

Takardarka ta farko tana cikin littafin abincina, na ciro na ba ta don in kare kaina. Ta duba, ta juyo mini da ita, ta ɗora yatsa a kan layin. “Karanta da ƙarfi.”

Na karanta. Sau ɗaya a wata biyu. Kawu, na so ƙasa ta buɗe. Na karanta layin nan ya fi sau goma, kullum abin da nake so in gani nake gani.

Akwai wanda ban gaya maka ba. Dattijon nan na saman kantin magani ya ƙi yi mini na biyu da na koma bayan mako biyu. Ya ce jiki ba rijiya ba ne, in dawo bayan wata biyu. Na ɗauka tsufa ne ke damunsa, na nemi wani a bayan tashar mota wanda ba ya tambaya, kofi goma yake kafawa. Shi ne mai cewa datti ne ke fita. Ga shi na rage cin abubuwa da yawa saboda cikin, jinin bai sami abin da zai mayar ba.

Likita ta ba ni maganin ƙarin jini, ta hana ni hawa na mako shida, ƙaho kuma sai bayan wata huɗu, in an sake gwaji ta ga dama. Ta ce in gaishe ka. Ta ce ka karanta ba daidai ba amma ka yi gaskiya.

A hanyar dawowa na gaya wa foman komai, har da ƙaryar birki. Ya ce, “Ni na ɗauka ƙwaya kake sha. Saura kaɗan in rubuta a sallame ka.” Ya ce da na faɗa tun farko da an huta. Yanzu ni ke yin alama da hannu a ƙasa, wani yana sama. Idan na koma, an tsara mu biyu za mu riƙa karɓa-karɓa, awa huɗu-huɗu.

Cikin yana nan, wata rana lafiya wata rana gardama, amma na san halinsa yanzu. Jiya na je na ba dattijon haƙuri. Ya ba ni kujera ya tambayi lafiyar yara.

Ban san yadda zan gode maka ba. Yarana biyu suna da uba yau saboda ka tsorata ka rubuto. Hutuna yana watan Agusta, za mu zo mu duka.

Ɗanka,
Ƙadangare

Asabar, 22 ga Yuni

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Auta ta gaya mini kun yi magana a waya, amma ban yarda ba sai da na riƙe takardar a hannuna. Na ci abinci, har na nemi ƙari. Jakar da na haɗa an kwance ta. Ka gaishe da 'yata, ka gode wa foman ɗinka, ka ce wani tsoho yana sa masa albarka. Likitar ma haka. Dattijon nan kuma ka riƙe shi, irinsa ba su da yawa.

Na ɗauko takardarka ta Afrilu na sake dubawa, yanzu ina ganin kofin ƙarara. Kai ka karanta abin da kake so, ni na karanta abin da nake tsoro. Auta ta ce a haɗa mu a mayar aji ɗaya.

Ka bi likita a kan wata huɗun. Maganin ƙarin jini yana iya taurara ciki ya kuma baƙanta bayan gida, ka sani tun yanzu, ka tambaye ta yadda za ka bambanta. In ka rubuto mini a kai kuma, ka ba shi layinsa daban.

Akwai abin da ya kamata in gaya maka tun a takardar farko, girman kai ya hana ni. Ciwon nan naka ina da shi. Tun ina ɗan shekara ashirin da takwas. Shekara goma sha tara na yi a ɗakin tiyata ina miƙa wa likita almakashi, wani aikin awa shida, ba fita, cikina yana murɗa ina cije leɓe a bayan ƙyallen rufe baki. Da yunwa nake shiga, kamar kai. Sau biyu aka ba ni shugabancin ɗakin na ƙi karɓa, aka ce ba ni da buri. Daga baya na nemi a mayar da ni sashen ba da magani, na ce ƙafa ce ke damuna. A lokacin ba wanda ya ba abin suna, ni kuma ina ganin namiji ba ya kai ƙarar cikinsa. Innarka ta yi shekara arba'in tana cewa ni mai tsirfa ne a abinci, na bar ta a haka har ta tafi. Ina jin ta sani, domin ba ta taɓa sa mini albasa ba, amma ban taɓa buɗe baki na gaya mata ba.

Kai ka zauna a mota ka gaya wa shugabanka abin da na kasa gaya wa matata. Da na karanta wurin na ajiye takardar na daɗe a zaune. Jiya da Auta ta zo na zaunar da ita na gaya mata. Ta yi dariya, sannan ta yi kuka, sannan ta ce ita ma tun haihuwarta ta biyu take fama, tana ɓoyewa. Ranar Litinin zan raka ta asibiti.

Saboda haka godiyar da kake yi mini, ka rage rabi ka riƙe, taka ce.

Ku zo a Agustan. Ɗakinka na da yana nan, na sa a fitar da tarkacen da ke ciki. Ka taho da littafin abincinka, ni ma na sayi nawa, na fara rubutu shekaranjiya, ina da shekara saba'in da ɗaya.

Kawunka